Tambayoyi da Amsoshi Game da Kai Iyali Kallon Babban Wasan Wuta na Lokacin Zafi

Yawancin manyan wasannin wuta ba sa wuce minti ashirin zuwa talatin a sararin sama, amma iyalin da suka je kallo sukan shafe awa biyar ko shida a waje, tsakanin tafiya da neman wurin zama da jiran duhu da kutsawa cikin jama'a a hanyar komawa. Daɗin fitar ko wahalarta a cikin waɗannan awanni yake, musamman idan akwai ƙananan yara ko tsofaffi a tafiyar, shi ya sa amsoshin da ke ƙasa suka fi karkata gare su.

Yaushe ake yin waɗannan wasanni, kuma wane irin taro mutum zai tarar?

A ƙasashen arewacin duniya, watannin Yuli da Agusta ne kakar wasan wuta. Amurka tana yin nata a daren 4 ga Yuli, ranar tunawa da ayyana 'yancin kai a 1776, kuma wanda kamfanin Macy's yake shiryawa kowace shekara a birnin New York tun 1976 yana cikin mafiya girma a ƙasar. Faransa tana yi a daren 14 ga Yuli, inda ake harba wutar a hasumiyar Eiffel ta birnin Paris. A Japan, wasan kogin Sumida na Tokyo, wanda ake danganta asalinsa da shekarar 1733, yana zuwa ne a Asabar ta ƙarshen Yuli, ana harba dunƙulen wuta, wato curin albarushin da ake cillawa sama ya fashe, kusan 20,000 a gaban jama'ar da ta kusa miliyan ɗaya. Na garin Nagaoka kuwa ana yin sa ne a ranakun 2 da 3 ga Agusta a bakin kogin Shinano, domin tunawa da mutanen da suka rasu a ruwan bama-baman da aka yi wa garin a daren 1 ga Agustan 1945.

Wasannin Japan sun fi tsawo, domin na Sumida yakan kai awa ɗaya da rabi, alhali na New York da na Paris ba sa yin nisa da rabin awa. Akwai kuma irin na birnin Montreal na Kanada, gasar ƙasa da ƙasa da ake yi tun 1985, wadda ake rarraba ta a darare da dama cikin makonni. Irin wannan tsari ya fi sauƙi ga mai iyali, saboda yana iya zaɓar daren da ya fi dacewa da shi, ba lallai sai daren rufewa da kowa yake rububinsa ba.

Da me ya kamata a fara shiri?

A fara da hanyar fita. Mutane da yawa sukan ɓata kwanaki suna neman inda za su fi ganin wuta, ba su taɓa tambayar kansu yadda za su bar wurin da yaro mai barci a kafaɗa da wani mai kuka a hannu ba. Jama'a sukan taru ne a hankali tun da rana, wannan ya zo wancan ya zo, amma idan aka gama kowa yakan miƙe ne a minti ɗaya, kuma duk su nufi tashoshi da gadoji da ƙofofi guda.

Saboda haka, da zarar kun tsayar da wasan da za ku je, ku nemi taswirar da masu shiryawa suka fitar, ku duba titunan da za a rufe da lokacin rufe su, da ƙofofin shiga da na fita, da inda aka ajiye makewayi da rumfar agajin gaggawa da wurin tara yaran da suka ɓata. Ku duba ko shiga kyauta ce ko sai da tikiti, domin wasu manyan wasanni sun mayar da mafi yawan wuraren da ke kusa na kujerun da ake kamawa tun makonni ko watanni kafin ranar. Ku karanta jerin abubuwan da aka hana shiga da su, tun da akwai inda ba a yarda da kwalaben gilashi ko manyan jakunkuna ko laima ko kujerun naɗewa ba. Idan sai an kwana a garin, masauki ne abin da ya fi saurin ƙarewa, don haka shi za a fara kamawa.

Ina ne wuri mafi kyau na zama? Shin sai an matsa kusa ake jin daɗin kallo?

Ba sai an matsa kusa ba, kuma ga mai ƙananan yara sahun gaba yana cikin wurare mafiya muni. Ana ƙera manyan dunƙulen wuta ne domin a kalle su daga nesa. Dunƙule mai faɗin inci shida yakan tashi kusan mita 200 kafin ya fashe, kuma mafi girman da ake harbawa a Nagaoka, mai faɗin kusan santimita 90, yakan baje a sama da faɗin da ya haura rabin kilomita. Wanda ya zauna a gindin irin wannan zai yi ta ɗaga kai har wuyansa ya ƙage, kuma ba zai ga siffar wutar a dunƙule ba, alhali wanda yake nesa da rabin kilomita ko kilomita ɗaya yana ganin komai ba tare da ya motsa ba.

Su kansu masu harbawa suna da tazarar da doka ta wajabta musu. Ƙa'idar ƙungiyar kare gobara ta Amurka, NFPA, ta ce a bar ƙafa 70, wato kimanin mita 21, tsakanin bututun harbi da 'yan kallo ga kowane inci na faɗin dunƙule, ke nan mai inci shida yana buƙatar kusan mita 128. Wannan ita ce mafi ƙarancin tazarar da za ta kare mutum daga haɗari, ba ita ce wadda za ta kare kunnen yaro ko ta ba shi sukuni ba. Duk inda kuka ga igiya ko shinge, kada ku tsallake shi, ko da kun ga fili fetal a bayansa babu kowa, domin can ne aka ƙiyasta tarkace zai zubo.

Abu na biyu shi ne iska, kuma mutane kaɗan ne suke kula da ita. Ku zauna inda iska take bugun bayanku ko gefenku idan kun fuskanci wurin harbi. Idan tana bugun fuskarku, bayan minti biyar na farko hayaƙi zai tsaya tsakaninku da wutar, launuka su dusashe, toka da guntayen kwali masu warin albarushi su fara sauka a kan shimfiɗarku da cikin kofin ruwan yara. Hasashen yanayi na ranar yakan faɗi inda iska za ta fito, kuma duba shi bai fi aikin minti ɗaya ba.

Bayan wannan, ku zaɓi gefen taro maimakon tsakiyarsa, wuri mai ɗan tudu idan an samu, wanda bishiya ko gini ko fitilar titi ba su tare sama ba, kuma wanda bai yi nisa da makewayi ba amma bai manne da shi ba. Ku guji kan gada da matakala da bakin ruwa marar shinge. Hasara ɗaya da mai zama nesa yake yi ita ce wutar ƙasa-ƙasa da kiɗan da ake haɗawa da wasan, sai dai a wasu garuruwa gidajen rediyo sukan watsa kiɗan kai tsaye.

Ƙarfe nawa za a isa wurin?

Ba a fara wasa sai duhu ya kankama, kuma a ƙasashen da suke can arewa rana takan daɗe ba ta faɗi ba a lokacin zafi. A Paris, a tsakiyar Yuli, rana ba ta faɗuwa sai wajen goma saura, wasan kuma yakan fara ne wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, alhali a Tokyo ana farawa tun wajen bakwai. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne ga yaron da ya saba kwanciya ƙarfe takwas. Ga wanda ya zaɓi gefen taro, awa biyu kafin farawa yawanci ta isa. Wanda ya nace sai wurin da kowa yake so zai iya buƙatar zuwa tun da hantsi, kuma ya kamata ya auna da gaske ko yaransa za su iya wuni a rana saboda kallon rabin awa.

Ya dace a je da jariri ko ƙaramin yaro?

Babban abin dubawa shi ne ƙara. A kusa da inda dunƙule ya fashe, ƙarfin sauti yana iya wuce desibel 150, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada ƙara mai fashewa farat ɗaya ta wuce desibel 140 ga babba, 120 kuma ga yaro. Irin wannan ƙara tana iya lahanta ji nan take, ba sai an daɗe ana jin ta ba, kuma ƙwayoyin ji na can cikin kunne idan suka lalace ba sa sake tsirowa. Tazara ita ce kariya ta farko, domin a fili duk lokacin da aka ninka nisa sau biyu, ƙara takan ragu da kimanin desibel shida. Kariya ta biyu ita ce marufin kunne irin mai kama kai wanda aka yi daidai girman yara. Matoshin kunne na soso da ake cusawa ciki bai dace da ƙananan yara ba, saboda ba ya zama daidai kuma suna iya cire shi su sa a baki, auduga kuwa ba ta tare komai.

Game da jariri ɗan watanni, ra'ayin mai wannan rubutu shi ne a bar shi a gida wurin wanda aka amince da shi, ko kuma iyalin gaba ɗaya su kalla daga nesa sosai. Jariri ba zai tuna komai ba, ba zai iya faɗin cewa kunnensa yana ciwo ba, kuma shi ne zai fi shan hayaƙi da zafi da rashin barci. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Yaro ɗan shekara uku zuwa biyar kuwa ya danganta da halinsa: wanda tsawa ko ƙarar injin markaɗe take sa shi ya ruga ya ɓuya, da wuya ya ji daɗin wannan dare.

Ku sa wa yaro marufin a gida kwana biyu ko uku kafin ranar, ya yi wasa da shi har ya saba, kuma a wurin ku sa masa kafin harbin farko. Idan washegari yaro ya ce kunnensa yana ƙugi, ko kuka lura ba ya amsa kira yadda ya saba, ku kai shi a duba shi.

Idan yaro ya firgita bayan an fara fa?

Ku ɗauke shi ku ja baya, kada ku tsaya kuna lallashinsa ya daure, kuma kada 'yan'uwansa su yi masa dariya. Shi ya sa yake da kyau manya biyu su yi yarjejeniya tun a gida a kan wanda zai fita da mai kuka da wanda zai zauna da sauran, da kuma inda za su haɗu. Yana taimakawa a nuna wa yaro bidiyon wasan wuta tun kafin ranar, a gaya masa gaskiya cewa ƙarar za ta fi haka ƙarfi har zai ji ta a ƙirjinsa, kuma a faɗa masa cewa ƙarshen wasan shi ne ya fi ko'ina ƙara.

Ga yaran da suka ɗan tasa, akwai dabarar da take mayar da tsoro wasa. Haske yana isowa nan take, amma sauti yana tafiyar kimanin mita 340 ne a daƙiƙa ɗaya, don haka idan wuta ta buɗe a sama sai yaro ya fara ƙirga har ƙarar ta iso, kowace daƙiƙa uku daidai take da kilomita ɗaya. Yaron da yake ƙirga yana jiran ƙarar ne, ba za ta zo masa ba zato ba.

Me za a ɗauka?

Ku ɗauki abin da babba ɗaya zai iya goyawa a baya hannayensa biyu a sake, domin a hanyar komawa hannayen nan na riƙe yara ne. Ruwan sha shi ne kan gaba, sai abin shimfiɗa wanda laima ba ta ratsa shi, da abin taɓawa wanda zafi ba ya lalata shi, da huluna, da rigar sanyi mara nauyi ga kowane yaro tun da bakin ruwa yakan yi sanyi bayan faɗuwar rana. A haɗa da ƙaramar tocila, da batirin cajin waya, da takardar goge hannu, da ledar zuba shara, da maganin sauro na shafawa, da duk wani magani da wani a cikin iyalin yake sha a kai a kai. Keken tura jarirai yana da amfani a lokacin jira, amma a cikin cunkoso yakan zama kaya, kuma yaron da ke cikinsa yana ƙasa da idon mutane, don haka abin goyo ya fi shi a lokacin fita.

Yaya za a yi da zafi da dogon jira?

Mafi yawan waɗanda ake kaiwa rumfar agaji a irin wannan rana ba wuta ce ta taɓa su ba, rana ce. A riƙa ba yara ruwa kafin su ce suna jin ƙishirwa, a nemi inuwa har sai rana ta yi sanyi ko da hakan na nufin babba ɗaya ya zauna gadin wuri sauran su koma gefe. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala alamu ne na cewa zafi ya fara yi wa mutum illa, sai a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwa. Idan ya fara ruɗewa ko ya suma, a kira masu agaji nan take. Kada a lulluɓe keken jariri da mayafi da sunan yi masa inuwa, domin zafi yakan taru a ciki, kuma kada a bar yaro a cikin mota ko da na ɗan lokaci ne.

A kai kowane yaro makewayi kimanin minti arba'in kafin farawa, ko ya ce yana ji ko bai ce ba. Layin yakan yi tsawo sosai gab da farawa, bayan an fara kuma komawa wurin zama cikin duhu, ana tsallake ƙafafun mutane, ba ƙaramin aiki ba ne.

A je da mota ko a bi jirgin ƙasa da bas?

Idan garin yana da jirgi ko bas, su suka fi, tare da sharaɗi ɗaya: a sayi tikitin dawowa tun da rana, kuma a shirya takawa zuwa tasha ta biyu ko ta uku maimakon wadda ta fi kusa, domin ita ce kowa zai nufa, wani lokaci ma hukuma takan rufe ta. Mai mota ya ajiye ta nesa, a wajen titunan da za a rufe, gabanta yana kallon hanyar fita, kuma ya ɗauki hoton wurin. Tafiyar minti ashirin a ƙafa ta fi zaman awa ɗaya a layin fita daga filin ajiye motoci.

Wane tanadi za a yi domin kada yaro ya ɓata?

Kafin a bar gida, a ɗauki hoton kowane yaro da kayan da ke jikinsa a ranar, domin uwar da hankalinta ya tashi tana iya manta launin rigar da ita da kanta ta sa masa. A sa musu tufafi masu haske, a rubuta lambar wayar iyaye a damtsen yaro da alƙalamin da gumi ba ya gogewa, ko a kati a cikin aljihunsa. Abin wuya ko abin hannu mai ƙyalli a duhu yana sa a hango yaro daga nesa, kuma yara suna son sa.

Da isarku, ku nuna wa kowa wurin haɗuwa guda ɗaya, abu tsayayye mai tsawo wanda ake gani da dare, irin rumfar agaji ko ƙofa mai lamba, ba "gindin bishiyar can" ba. Kada ku dogara da waya, domin idan dubban mutane suka taru a wuri ɗaya layi yakan cushe, kira ya ƙi shiga, ko da yake gajeren saƙon rubutu yakan fi samun wucewa. Ku koya wa ƙaramin yaro abu biyu kawai: idan bai gan ku ba ya tsaya cak a inda yake ya kira sunanku na gaskiya da ƙarfi, kuma idan zai nemi taimako ya nemi mai kayan sarki ko ma'aikacin wurin ko macen da take tare da yara.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne manya huɗu su zauna da yara biyar, kowa yana zaton wani yana kallonsu. A raba su da suna, kowane babba ya san yaron da ke wuyansa. Idan kuma yaro ya ɓace, a sanar da ma'aikata a minti na farko, kada a tsaya jin kunya ko a ce bari a ɗan duba tukuna.

Mene ne haɗarin turmutsitsi, kuma me mutum zai yi idan ya tsinci kansa a ciki?

Wannan shi ne haɗari mafi girma a manyan tarukan da aka tsara harbinsu da kyau. A daren 21 ga Yulin 2001, bayan wasan wuta a garin Akashi na Japan, masu barin bakin teku da masu shigowa suka haɗu a kan wata gadar masu tafiya a ƙafa da ta haɗa tashar jirgi da gaɓar, mutum goma sha ɗaya suka rasu, tara daga cikinsu yara, biyu kuma tsofaffi, sama da 200 suka jikkata. Ba gudu aka yi ba, kuma ba wuta ce ta tashi ba. Jama'a ce ta yi yawa a ƙunƙuntar hanya, kamar ruwan da aka juye gaba ɗaya a bakin mazurari, har waɗanda ke tsakiya suka kasa numfashi.

Alamun suna bayyana kafin abin ya ɓaci. Idan kun ga ana taɓa ku ta kowane gefe, ba ku iya ɗaga hannu ku kai fuska, ko jama'a ta fara tura ku inda ba ku yi niyya ba, to wurin ya cika fiye da kima, kuma masana sun nuna cewa daga mutum biyar ko shida a kowace murabba'in mita haɗari ya fara. Tun kafin a kai haka ya kamata ku juya. Idan kuwa an riga an rutsa da ku, ku ɗaga yara sama daga ƙasa, a kafaɗa ko a ƙirji, ku tsaya da ƙafafunku sosai, ku naɗe hannaye a gaban ƙirji domin ku bar wa huhu wurin buɗewa. Kada ku yi kokawa da turin, ku bi shi kuna zamewa gefe-gefe a duk lokacin da ya lafa, kuna nesa da bango da shinge. Duk abin da ya faɗi, waya ce ko takalmi ko jaka, a bar shi, kada a sunkuya.

Hayaƙin yana da illa? Su wa ya kamata su yi hattara?

Hayaƙin wasan wuta yana ɗauke da ƙura mai laushi ƙwarai da burbushin ƙarafa, kuma a daren da iska ta kwanta yakan daɗe a ƙasa-ƙasa. Ga mai lafiya, dare ɗaya yawanci bai wuce ƙaiƙayin maƙogwaro da ido ba. Mai asma ko ciwon huhu ko ciwon zuciya ya kamata ya zauna nesa, iska tana bayansa, abin shaƙarsa yana aljihunsa ba a ƙasan jaka ba. Akwai kaɗan daga masu farfaɗiya waɗanda walƙiyar haske take tayar musu da ciwo, su nemi shawarar likitansu tukuna. Ga tsofaffi da masu juna biyu da masu keken guragu, a tambayi masu shiryawa ko sun ware wuri na musamman, domin manyan wasanni da yawa suna yi, sai dai wani lokaci sai an yi rajista tun da wuri.

Idan hadari ya taso fa?

Yayyafi ba ya hana wasa, amma iska mai ƙarfi da tsawa suna hanawa. A 2013 an dakatar da wasan kogin Sumida kimanin rabin awa da farawa saboda ruwa da tsawa, jama'a suka watse a jiƙe. Ku duba sanarwar masu shiryawa kafin ku fita da kuma bayan kun isa. Duk wanda ya ji tsawa yana cikin nisan da aradu za ta iya kai masa, don haka a nemi gini ko mota mai rufin ƙarfe, ba gindin bishiya ko rumfar tamfol ba, kuma a jira minti talatin bayan tsawar ƙarshe.

Yana da kyau a gaya wa yara tun a gida cewa ana iya fasawa. Wani lokaci ma ba yanayi ne yake ɓata shiri ba: a San Diego, a daren 4 ga Yulin 2012, wata tangarɗar kwamfuta ta sa duk wutar da aka tanada ta tashi gaba ɗaya cikin ƙasa da minti ɗaya, jama'ar da ta wuni tana jira ta kama hanyar gida.

Za a iya barin yara su kunna 'yar sandar tartsatsi da ake riƙewa a hannu?

A cikin taro, a'a, kuma wurare da yawa sun hana. Wannan 'yar sanda da ake gani kamar abin wasa tana iya kai zafin digiri 1,000 a ma'aunin Selshiyos, wayarta kuma takan daɗe da zafi bayan ta mutu, a Birtaniya ma shawarar hukumomin kashe gobara ita ce kada a ba yaron da bai kai shekara biyar ba. Haka nan a ja wa yara kunne kada su tsinci komai da ya faɗo daga sama, domin dunƙulen da bai fashe ba yana iya fashewa daga baya, sai a nuna wa ma'aikata.

Idan an ƙone, a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai ɗan sanyi yana zuba har minti ashirin, ba ƙanƙara ba, ba mai ba, ba man goge baki ba, sannan a nufi rumfar agaji. Idan toka ce ta shiga ido, kada a murza, a wanke da ruwa mai tsabta. Idan kuwa wani abu ne ya bugi idon ko ya maƙale a ciki, kada a taɓa shi ko a wanke, a garzaya asibiti.

Yara za su tambayi inda launukan suke fitowa. Me za a ce musu?

Tushen abin albarushi ne, haɗin gawayi da farar wuta da gishirin naitiret, wanda aka gano a ƙasar Sin sama da shekara dubu da suka wuce, kuma har yau garin Liuyang na lardin Hunan yana cikin manyan cibiyoyin ƙera kayan wasan wuta a duniya. Ana harba dunƙulen daga bututu, lagwanin cikinsa yana ci a hankali har ya kai ƙololuwa, sannan ya fashe ya watsa ƙananan ƙwallayen da aka jera a ciki, kuma yadda aka jera su shi ne yake ba da siffar fure ko zobe ko zuciya. Launi kuwa daga gishirin ƙarafa yake: sitirontiyam yana ba da ja, bariyam kore, sodiyam rawaya, jan ƙarfe kuma shuɗi. Shuɗi mai kyau shi ne mafi wuyar samu, saboda sinadarinsa yakan lalace idan zafi ya yi yawa, don haka za ku iya sa yara su riƙa ƙirga sau nawa suka gan shi.

Hoto da dabbobin gida fa?

A ɗauki hoton iyali tun da sauran haske, a kashe filashi idan an fara, kuma kada a ɗaga waya sama tsawon wasan ana tare wa na baya. Jirgi marar matuƙi yawanci haramun ne a sararin wurin. Kare ko kyanwa a bar su a gida, a cikin ɗaki, tagogi a rufe, domin jinsu ya fi na mutum kaifi kuma a irin wannan dare ne da yawa suke tsinke igiya su ɓata.

A tashi kafin a gama, ko a jira jama'a ta ragu?

Ko wanne daga cikin biyun ya fi tashi tare da kowa. Wanda yake da ƙananan yara kuma yana gefen taro zai iya tattara kaya tun kafin a fara, ya miƙe minti goma kafin ƙarshe, ya kalli rufewar daga kan hanya yana waiwaye, tun da manyan dunƙulen ƙarshe ana hango su daga nesa. Wanda yake tsakiyar taro kuwa kada ya gwada wannan, domin zai yi ta ratsa mutane cikin duhu kuma da wuya ya kai bakin hanya kafin a gama. Shi nasa ya zauna a kan shimfiɗarsa, ya ajiye sauran ruwa da abin taɓawa musamman saboda wannan zama, ya bar yara su miƙe ƙafa ko su yi barci, ya jira minti talatin zuwa arba'in har hanyoyi su sarara. Abin da zai tabbatar kawai shi ne lokacin jirgi ko bas na ƙarshe, kuma wannan tun da rana ake duba shi a rubuta a takarda.